'Yar kafasitar da ke bakin ƙafar maikurokwantirola: dole ce ko tsirfar masu littafi?

Shin wajibi ne a sa wa maikurokwantirola 'yar kafasitar nan mai lamba 104 a ƙafafunta na shan wuta, ko dai za ta yi aikinta lafiya lau ba tare da ita ba? Duk shekara idan ɗaliban ajin ƙarshe na jami'o'i da kwalejojin fasaha suka shiga haɗa furojet, sai wannan gardama ta dawo sabuwa fil. Wani zai ɗaga allonsa ya ce: "Ga nawa nan, ko ɗaya ban sa ba, kuma yau kwana uku yana aiki." Wani ya ce shi malaminsa har maki ya rage masa don bai sa ba. Su ma masu gyaran waya suna da tasu hujjar, mai ƙarfi kuwa. Ka zauna minti talatin a rumfar wani gwani a Farm Centre da ke Kano, za ka iya ganin ya ɓanɓare kafasitar da ta yi shot daga fanel, bai mayar da wata ba, wayar ta tashi, mai ita ya biya ya kama gabansa.

Kowannensu abin da ya gani da idonsa yake faɗa, ba wanda ya yi ƙarya. Duk da haka amsar tambayar ita ce e, ana buƙatarta, kuma duk kamfanonin da ke ƙera waɗannan kayan haka suka rubuta a takardun bayaninsu. Inda gizo ke saƙar shi ne gwajin da ake kafa hujja da shi. "Ya kunna ko bai kunna ba" tambaya ce ta abin da ido ke gani a cikin daƙiƙa guda, alhali abin da kafasitar ke tsarewa yana faruwa ne a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa.

Su wane ne ake magana a kansu

Maikurokwantirola, wadda zan riƙa ce wa kwantirola don sauƙi, kwamfuta ce cikakkiya a cikin ai-si guda, wato ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da ake mannawa a kan allon lantarki: ga ƙwaƙwalwar lissafi, ga ma'ajiyar shiri, ga ƙafafun da take kunna fitila ko rile ko ta karanta sensa da su. Ita ce a cikin rimot, da injin wanki, da inbata, da kwantirolar cajin sola, da mitar wuta ta kati. Wadda ɗalibai suka fi sani ita ce ATmega328P da ke kan allon Arduino Uno. Kamfanin Atmel ne ya ƙera ta, kafin Microchip ya saye shi a 2016. Bayan ta akwai dangin PIC, da STM32, da ESP32 ta kamfanin Espressif na birnin Shanghai, da RP2040 ta Raspberry Pi wadda ta fito a 2021.

Kafasita kuwa ma'ajiyar caji ce ƙarama. Ta bambanta da batir ta fuska biyu: abin da take ɗauka kaɗan ne ƙwarai, amma tana cika ta juye cikin sauri irin wanda batir ba zai taɓa yi ba. Wadda ake magana a kanta ita ce ake ɗaurawa tsakanin ƙafar shigar wuta, VCC ko VDD, da ƙafar GND, wadda wutar ke komawa ta cikinta, dab da jikin ai-si. Injiniyoyi na ce mata dikofulin, ma'ana mai raba tsakani, domin tana raba hayaniyar wannan ai-si da sauran kayan da suke shan wuta a layi ɗaya. Ni na fi son in ce mata kafasitar ko-ta-kwana, don shi ne ainihin aikinta.

Lambar 104 da ke jikinta ba sunan kamfani ba ne. Ana nufin 10 da sifili huɗu a gaba, wato fikofarad 100,000, daidai da nanofarad 100, daidai da maikurofarad 0.1. Duk abu ɗaya ne, kada mai shago ya ruɗa ka.

Kwantirola ba ta shan wuta kamar ƙwan fitila

Ƙwan fitila idan ya kama, jan wutarsa a miƙe yake, kamar famfon da aka buɗe aka bari. Kwantirola kurɓa take yi. A cikinta akwai dubban taransistoci da aka jera bibbiyu bisa tsarin CMOS, wanda Frank Wanlass ya ƙirƙiro a kamfanin Fairchild a 1963. Daɗin wannan tsari shi ne idan taransistocin suna zaune ba sa sauyawa, kusan ba sa cin komai. Cin wutar yana zuwa ne a daidai lokacin sauyawa daga 0 zuwa 1 ko daga 1 zuwa 0: sai an cika 'yan ƙananan ma'ajiyoyin da ke cikin layukan, kuma akwai ɗan taƙin da taransistan sama da na ƙasa duk suke a buɗe, wuta ta zarce kai tsaye daga VCC zuwa GND.

Kuma duk tare suke sauyawa, domin agogo ɗaya suke bi. Agogon Arduino Uno yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa. Tsakanin bugu da bugu nanosakan 62.5 ne (nanosakan shi ne kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa), kuma kurɓar kanta a 'yan nanosakan na farko take ƙarewa. Don a gane ƙanƙantar wannan lokaci: haske, da duk gudunsa, santimita 30 kawai yake ci a nanosakan guda, tsawon rular ɗan firamare.

Idan ka sa mita a layin ATmega328P za ta nuna maka wajen miliamfiya 10 ko sama da haka kaɗan. Wannan matsakaici ne. Mita ba ta da idon ganin tsinin kowace kurɓa, wanda ya ninka haka sau da yawa. Idan kuma aka ce ƙafafu takwas na tasha ɗaya su sauya lokaci guda, kamar yadda ake yi wajen tura bayani zuwa allon LCD ko jerin fitilu, tsinin na iya kaiwa ɗaruruwan miliamfiya na ɗan ƙiftawa. Atmel da kansa ya yi wannan gargaɗin a takardarsa ta shawarwarin haɗa allo mai lamba AVR042.

Laifin na waya ne

Nan ne mai gardama zai ce: to ai cajata amfiya biyu take bayarwa, me miliamfiya ɗari zai yi mata? Gaskiya ne, cajar tana da wutar. Kai ta bakin ƙafar ai-si a kan lokaci shi ne aikin.

Kowace waya, komai kyan tagullarta, tana da wata ɗabi'a da ake kira indoktans. A taƙaice, waya ba ta son a sauya mata yawan wutar da ke ratsa ta farat ɗaya. Idan aka nemi ƙari da gaggawa sai ta turje, kuma turjiyar tana bayyana ne a matsayin faɗuwar bolt a ɗaya bakin. Ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne kusan nanohenri ɗaya a kowace milimita. Wayar jamfa mai santimita 10 irin ta biredbod, allon gwajin nan mai ramukan cusa waya, ke nan tana da wajen nanohenri 100.

Lissafin ba shi da wuya. Bolt ɗin da ya faɗi shi ne indoktans a ninka da yawan ƙarin wutar, a raba da lokacin da ƙarin ya ɗauka. A ɗauka kwantirola ta nemi ƙarin miliamfiya 50 cikin nanosakan 5 ta wannan waya mai nanohenri 100. Amsar bolt ɗaya ce cur. Layin da mita ke rantsuwa bolt 5 ne ya zama 4 a bakin ƙafar, na ɗan lokacin. Ba mu ma lissafa wayar dawowa ta GND ba, wadda ita ma tana da nata rabon, sai sifilin da ai-si ke auna komai da shi ya riƙa tsalle.

Yanzu a sa 104 a bakin ƙafar a sake lissafi. Miliamfiya 50 na tsawon nanosakan 5 cajin da bai wuce nanokulom 0.25 ba ne. Idan aka ɗebe shi daga nanofarad 100, bolt ɗinta zai ragu da milibolt 2.5 kacal. Ko an ƙara da ɗan indoktans na ƙafafunta, abin da za a rasa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da bolt guda. Kafin bugu na gaba kuma ta sake cika a hankali ta doguwar wayar, wadda dama ba ta ƙi tafiyar sannu ba.

Duk wanda ya zauna a gidan da ake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ya san wannan tsari. Rijiyar burtsatse tana da ruwan da zai ishi unguwa, amma idan tuwo ya fara kamu ba a aika yaro burtsatse. Randar da ke bakin madafa ake kai wa moɗa. Randar ba ta samar da ruwa ko ɗigo, ɗan garuwa ne ke cika ta. Amfaninta kusanci ne, kuma randar da aka ajiye a zaure ba ta yi wa mai tuƙi rana ba.

Regileta fa, irin 7805 ko AMS1117? Aikinta riƙe bolt ne, amma sai ta ga ya faɗi sannan ta gyara, kuma hakan na ɗaukar ta maikurosakan. Kafin ta farga agogo ya buga sau da dama.

Akwai kuma ɓangaren maƙwabta. Mun san yadda fitilun layi ke yin ƙasa idan mai walda ya ɗosana ƙarfensa, abin da muke ce wa "lo karan" alhali bolt ne ya faɗi. Haka yake a kan allo. Kwantirolar da ba ta da randarta ita ce mai waldar layin: duk kurɓar da ta yi sai sensa da amfilifaya da ke layin sun ji a jikinsu, ita ma tana jin tasu.

To me ya sa na wasu yake aiki?

Dalilai ne da yawa, kuma ya kamata a yi wa masu wannan hujja adalci.

Na farko, da yawa daga masu cewa ba su sa ba, an riga an sa musu. Wanda ya ɗauki allon Uno ko Nano ko Blue Pill ya cusa wayoyi, kafasitocin suna nan a manne, kamfani ya yi aikin. A kan Uno, ban da ƙananan 104 ɗin, akwai gwangwanaye biyu masu maikurofarad 47 kusa da ramin caja. Rigimar tana farawa ne ranar da aka zare ai-sin daga Uno aka dasa shi a kan Veroboard, allon nan mai ramuka da ake manna kaya da dalma, don a rage kuɗi ko don malami ya ce ba ya son ganin allon kanti.

Na biyu, ATmega328P jaka ce wajen haƙuri. Tana aiki daga bolt 1.8 har 5.5, don haka idan aka ba ta 5 tana da sarari mai faɗi. Sai dai sararin yana da sharaɗi wanda ba kowa ke karantawa ba. Takardar bayaninta ta ce a bolt 2.7 gudunta kada ya wuce megahaz 10, wato bugun agogo miliyan 10 a daƙiƙa, sai a bolt 4.5 take kai 20. Idan aka ja layi tsakanin biyun, megahaz 16 na buƙatar kusan bolt 3.8. Akwai mai gadi a cikinta da ke sake tayar da ita idan wuta ta yi ƙasa, ana iya saita shi a 1.8 ko 2.7 ko 4.3, kuma a Uno a 2.7 yake. Ka ga ke nan tsakanin 3.8 da 2.7 akwai wani fili da kamfani bai yi alkawarin komai ba, mai gadin kuma bai motsa ba. A nan ne kwantirola ke iya karanta umarni ba daidai ba, ta tsallake layi, ta sandare, ko ta rubuta shirme a ma'ajiyar EEPROM. Ba kullum ba. Sau ɗaya a yini, ko a mako, ko sai ranar da aka zo gwaji gaban malamai.

Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya haɗa na'urar kunna famfon tanki. A tebur tana aiki kamar agogo. Da zarar rile ya yi ƙas, sai rubutun LCD ya koma wasu baƙaƙen akwatuna, wani lokacin kuma ta koma farko. Mako biyu yana kwana a kan shirin, ya goge ya sake rubutawa, har ya sayi sabon ai-si.

"Malam, wallahi kod ɗin nan ba inda ban duba ba," in ji shi.

Na juya allon. Ga wayar wuta ja siririya ta zagayo ta bayan rile, ta yi kusan taƙi guda kafin ta iso ƙafa ta 7, wato VCC. Kafasita ɗaya ce tak a allon, gwangwani mai maikurofarad 1000, can a bakin taransifoma. Ƙafa ta 20 kuwa, wato AVCC, ɗaya ƙafar shigar wutar, ko haɗa ta bai yi ba. Muka manna 104 biyu, muka haɗa ƙafa ta 20, muka sa dayod 1N4007 a kan nadin rile, wanda shi ma babu. Aikin bai kai minti goma ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ba zan ce kafasitar kaɗai ce ta warkar da shi ba, don dayod ɗin ma babban rashi ne. Amma da na tambaye shi inda ya samo zanen, sai ya buɗe mini Proteus.

Wannan shi ne dalili na uku, kuma a ganina shi ya fi yi wa ɗalibai illa. A manhajar kwaikwayo irin Proteus wutar ba ta da aibi: wayoyi ba su da tsawo, bolt 5 ba ya girgiza, ƙafafun wutar ai-si ma a ɓoye suke a yawancin zane. Komai zai yi aiki ba kafasita ko ɗaya. Sai ɗalibi ya kwafe zanen yadda yake ya kai shi kan dalma.

Hujjar masu gyaran waya daban take, kuma suna da gaskiya a inda suke. A babban layin wutar fanel ɗin waya akwai kafasitoci da yawa a jere, duk aiki ɗaya suke yi. Irin waɗannan na siramik suna tsagewa idan waya ta faɗi ko fanel ya lanƙwasa, ko ruwa ya ci su, sai su haɗe layin da GND. Cire ɗaya daga cikin goma sha wani abu ragin sarari ne kaɗan, kuma masu zanen sun bar rara. Wannan bai yi kama da ai-sin da ba shi da ko ɗaya ba. Gwanayen cikinsu ma sun san akwai layukan da ba a yi musu haka, musamman ƙananan layukan da ke fitowa daga ai-sin wuta zuwa furosesa, inda kafasitar take cikin abin da ke daidaita bolt ɗin kansa. Can idan ka cire, mayarwa ake yi.

Abin da masu ƙerawa suka rubuta

Ƙa'idar da kusan kowa ya yarda da ita: kowace ƙafar wuta da tata 104, sannan babba guda ta 'yan maikurofarad ga allon baki ɗaya. STM32F103 da ke kan Blue Pill, mai gudun megahaz 72, tana da ƙafafun VDD uku a samfurinta mai ƙafa 48. Kamfanin ST ya ce a sa nanofarad 100 a kowacce, a ƙara maikurofarad 4.7 a ta ukun, ɓangaren analog kuma a ba shi nanofarad 10 da maikurofarad 1. Yawan ƙafafun wutar shi kansa dabara ce ta rage indoktans, don haka haɗa ɗaya a bar sauran ɓata dabarar ne.

A ATmega328P, ƙafar AVCC ita ke ciyar da ɓangaren da ke auna sensa, kuma dole a haɗa ta ko ba a amfani da shi. Idan ana amfani da shi, shawarar kamfani ita ce a tace mata wuta da nadi mai maikurohenri 10 da 104. Dalilin a fili yake. Ma'aunin yana raba bolt 5 gida 1024, kowane gida milibolt 4.9 ke nan. Hayaniyar milibolt 50 a layin ta isa ta sa lambobin zafi ko na cajin batir su riƙa rawa, mutum ya yi ta zargin sensa.

Akwai kuma wata ƙafa da babu gardama a kanta ko kaɗan. Kwantiroloji da yawa na zamani suna da regileta a cikinsu da ke sauke wuta ga ƙwaƙwalwar, kuma tana fitar da ƙafa mai suna VCAP. A STM32F4 masu ƙafar VCAP biyu ana sa wa kowacce maikurofarad 2.2, a yawancin PIC24 kuma 10. Wannan ba ko-ta-kwana ba ce, sashen injin ce. Idan babu ita ai-sin na iya ƙin tashi sam, ko ya ƙi karɓar shiri.

Inda 104 ba ta kai ba

Kuskuren ɗaya ɓangaren shi ne ɗaukar 104 a matsayin laya. Tana maganin kurɓar nanosakan ne kawai. Akwai masu kwankwaɗa.

ESP32 idan ta buɗe Wi-Fi za ta aika saƙo tana jan sama da miliamfiya 200, shi ya sa Espressif ya ce a tanadar mata tushen da zai iya ba da 500. Wanda ya ɗora ta a kan siririyar wayar USB mai araha ya san saƙon da take fitarwa kafin ta sake tashi: "Brownout detector was triggered". Abin takaici, maganin da ya fi yawo tsakanin masu koyo shi ne layi biyu na kod da ke kashe mai gadin. Daidai yake da direban da fitilar mai ta kama a dashbod, ya sa salatif ya rufe ta. Maganin gaskiya shi ne waya mai kauri gajera, regileta mai ƙarfi, da kafasita ta gomman maikurofarad ko fiye kusa da modul ɗin.

SIM800L, modul ɗin layin waya da ake sa wa furojet na aika saƙon tes, ya fi kowa haɗama. Tsarin GSM yana aikawa ne a dunƙule: maikurosakan 577 a cikin kowane milisakan 4.6, kusan sau 217 a daƙiƙa, wanda shi ne "dit-dirit" ɗin da lasifika ke yi idan kira zai shigo. A kowane dunƙule modul ɗin na iya jan amfiya 2. Cajin da wannan ke buƙata ya ninka duk abin da ke cikin 104 sau dubbai. Ko gwangwani mai maikurofarad 1000 aka bar shi shi kaɗai da wannan nauyi, zai faɗi da fiye da bolt ɗaya, alhali modul ɗin tsakanin 3.4 da 4.4 kawai yake rayuwa. Dole tushen wutar kansa ya zama mai ƙarfi, kafasita taimako take yi.

Sai mai karatu ya ce to a cika manya ko'ina mana. A'a. Babbar mai gwangwani tana da nata indoktans da turjiya a ciki, ba ta da saurin tarar kurɓar nanosakan, shi ya sa 1000 ɗin ɗalibin nan ba ta hana komai ba. Kuma kafasitar da ba komai a cikinta, a daidai lokacin da aka sa wuta, kamar shot take. Ƙa'idar USB 2.0 ta taƙaita abin da na'ura za ta ɗora kai tsaye a layin wutarta zuwa maikurofarad 10 saboda wannan.

Inda masana suka saɓa

Saɓaninsu a kan adadi ne da iri. Ita lambar 100 ɗin gado ce tun zamanin ai-sin TTL na dangin 7400 da Texas Instruments ya fitar a shekarun 1960, lokacin da za ka ga allo da layin ai-si, kowanne da 'yar fatsa-fatsar kafasitarsa a kai. Ba wahayi ba ce. A yau ana samun maikurofarad 1 a jiki ɗaya da na nanofarad 100, kuma injiniyoyi da dama sun fi son ta.

Tsohuwar koyarwa ta ce a jera uku, nanofarad 100 da 10 da 1, wai kowacce ta tare nata zangon. Masana irin su Eric Bogatin sun yi ta sukar wannan. Hujjarsu ita ce a ƙananan kafasitocin mannawa na yanzu, girman jiki da yadda aka manna su ne ke yanke indoktans, don haka ƙaramar ba ta fi babbar sauri ba idan jikinsu ɗaya. Haɗa mabambanta ma na iya haifar da wani zango a tsakani inda suke kai wa juna caji suna dawowa, hayaniya ta ƙaru. Ni a nan nake, sai dai idan takardar kamfani ta faɗi adadi ƙarara, to a bi ta.

Batun iri kuwa ya shafe mu kai tsaye saboda zafi. Siramik mai alamar X7R ba ta kauce wa adadinta da fiye da kashi 15 cikin ɗari daga sanyin digiri 55 ƙasa da sifili har zafin 125. Mai alamar Y5V an yarda mata ta rasa har kashi 82. Na'urar da za ta zauna cikin akwatin ƙarfe kusa da fanel ɗin sola a watan Afrilu ba wurin Y5V ba ne. Masu gwangwani su ma zafi ne ajalinsu: ƙiyasin da aka saba shi ne duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu, abin da masu gyaran inbata da talabijin ke gani kullum a kumburarrun kawuna.

Wuri ya fi adadi

Wutar da kafasita ta bayar zagaye take yi: ta fita daga ƙafarta ɗaya, ta shiga VCC, ta ratsa ai-si, ta fito GND, ta koma ɗaya ƙafar. Duk faɗin wannan zobe indoktans ne. 104 ta mannawa da ke da kusan nanohenri 1 tana aiki da kyau har wajen megahaz 16. Ka bar mata dogayen ƙafafu da 'yar tazara har ya kai nanohenri 5, iyakar ta sauko wajen megahaz 7. Ka kai ta ƙarshen biredbod, ta zama ado.

Zoben nan kuma eriya ce. Megahaz 16 yana tsakanin mita 19 da mita 16 na gajeren zango, inda iyayenmu ke kamo tashoshin waje. Kusanta rediyo da allon da ba a yi wa tanadi ba, ka murɗa, akwai yiwuwar ka ji shi yana waƙarsa. Irin wannan yoyon ne ke kayar da kaya a gwajin hukumar FCC ta Amurka ko na alamar CE ta Turai, kuma duk mai burin ƙera abin sayarwa zai gamu da shi wata rana.

A ATmega328P mai ƙafa 28 an sauƙaƙa abin. Ƙafa ta 7 VCC ce, ta 8 GND, suna maƙwabtaka. A ɗaya gefen ta 20 AVCC ce, ta 22 GND, ta 21 da ke tsakaninsu AREF ce, wadda ita ma ake ba ta tata 104 zuwa GND idan ana auna sensa. A biredbod, a datse ƙafafun kafasitar su yi gajeru, a cusa ta a ramukan da ke manne da ai-sin, ba a dogon layin ja da shuɗi na gefe ba. A Veroboard kuwa tazarar ƙafa da ƙafa milimita 2.54 ce, kafasitar mannawa mai girman 0805 kuma tsawonta milimita 2. Sai a juya allon, a kwantar da ita tsakanin ɗigon dalmar ƙafa ta 7 da ta 8, a riƙe ta da hantsaki, a taɓa kowane gefe da bakin ƙarfen dalma sau ɗaya.